GAJIYAR TARO TA BIDIYO DA HANYOYIN RAGE TA

Akwai ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni da malaman makarantu, waɗanda a 'yan shekarun nan aikinsu ya koma sai an zauna gaban waya ko kwamfuta ana taro da mutanen da ke wani gari. Maganar da za a yi yau ta shafi wata irin gajiya ce wadda ta shigo ƙasar nan tare da wannan sabuwar hanya ta yin taro. Gajiya ce mai ban mamaki, domin wanda ta kama bai yi noma ba, bai yi dako ba, wani lokaci ko ƙofar gidansa bai taka ba, amma kafin magariba sai a ga ya yi tiɓis, kansa yana sara, idanunsa sun kaɗa, wuyansa ya sage, in iyalinsa suka yi masa magana da ƙyar yake amsawa. Shi kansa yakan ji kunyar ya ce ya gaji, don ya san tambayar da za a yi masa: wace gajiya, mutumin da ya wuni a zaune? To, masana sun bincika, sun kuwa tabbatar gajiyar gaskiya ce, tana da dalilai sanannu, kuma yawancin maganinta ba ya bukatar ko kwabo.

Kafin shekarar 2020 ma'aikata kaɗan ne a Nijeriya suka saba da taro ta bidiyo. Ran 27 ga Fabrairu na wannan shekara aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas. Kafin wata guda ya cika, Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ta ba da umurni ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida su riƙa aiki daga can. Aka rufe makarantu, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ran 13 ga Mayu, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya shugabanci zaman Majalisar Zartaswa ta Tarayya na farko da aka yi ta bidiyo, a watan Yuli kuma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman shari'a ta wannan hanya bai saɓa wa tsarin mulki ba. Haka abin ya kasance a duniya duka. Kamfanin Zoom ya ba da labari cewa masu shiga taronsa a rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu na 2020. Annoba ta wuce, amma al'adar ta sami gindin zama. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis suka koma uku a mako. Tun daga nan duk taron da za a iya yi ba tare da an zuba mai a mota ba, sai a ce a yi shi ta bidiyo.

Domin a gane maganar sosai, ya kamata a ɗauki gari guda a yi misali da shi, kuma garin Potiskum na Jihar Yobe ya dace da haka. Gari ne na kasuwanci, mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Kano da Bauchi da Gombe suka nufi Damaturu da Maiduguri. Nan fadar Mai Martaba Sarkin Fika take, da ta Mai Potiskum. Nan Kwalejin Tarayya ta Horar da Malaman Fasaha take. Nan kuma kasuwar shanun nan take wadda ta yi suna a Afirka ta Yamma. Amma hedkwatar jiha tana Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100, Abuja kuwa tafiyar wuni ce. Saboda haka malamin kwaleji, da jami'in lafiya, da ma'aikacin banki, da wanda ke yi wa wata ƙungiyar agaji aiki, duk shugabanninsu suna nesa da su. A da in an kira taro sai mutum ya yi sammako zuwa tasha, ya sha rana, ya kashe kuɗi, wani lokaci har ya kwana a hanya. Yanzu daga ɗakinsa zai halarta. Wannan alheri ne babba, kuma mutanen Yobe sun fi kowa sanin darajar waya, tun da ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layukan waya na makonni masu yawa. Don haka ba wanda ke cewa a watsar da wannan hanya. Abin da ake nema shi ne a san inda take cin mutum, a toshe.

A farkon 2021 wani shaihin malami a Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, mai suna Jeremy Bailenson, ya wallafa bayani a kan dalilan wannan gajiya. Dalili na farko da ya kawo shi ne yawan haɗa ido daga kusa, kuma wannan dalili ya fi nauyi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta fiye da can inda aka rubuta shi. A dubi yadda ake zama a fada, ko a zauren malami, ko a ofishin babban ma'aikaci. Ƙarami ba ya zura wa babba ido. Yakan zauna can gefe, ya sunkuyar da kai, in an yi masa magana ya ɗago kaɗan ya amsa ya sake kawar da kai. Ko tsakanin tsara da tsara, masu hira a dandali kafaɗa da kafaɗa suke zama suna duban hanya, jefi-jefi ne ake waiwayawa a dubi mai magana. A taron mutum ashirin, mai jawabi kaɗai ake duba, sauran kowa idonsa yana hutawa a kan takarda, ko tabarma, ko taga.

A taro ta bidiyo duk wannan ladabi ya rushe. Fuskar Darekta tana nan kamu ɗaya daga fuskar akawu, kusancin da in a fili ne ba a yin sa sai da ɗan da ake goyo ko abokin kokawa. Bayan ta Darekta ga wasu fuskoki goma sha tara, kowacce cikin akwatinta, duk sun fuskanto shi, ko yana magana ko ba ya yi. Hankali ya san hoto ne kawai, amma jiki bai sani ba. Jiki yana ɗaukar abin kamar an tsayar da mutum ne a tsakiyar fili jama'a sun kewaye shi, sai ya ɗaure, ya ƙi saki, har a tashi. Akawun kuma yana cikin tsaka mai wuya: in ya sunkuyar da kai kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, sai a zaci barci yake ko wani abu yake karantawa; in ya ƙura ido, zuciyarsa tana gaya masa rashin kunya yake yi. Awa biyu cikin wannan hali aiki ne ja, ko da bai ce uffan ba.

Dalili na biyu shi ne madubi. Yawancin manhajojin taro suna nuna wa mutum fuskarsa a gefen allo tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda zai yarda a ce wani ya riƙa bin sa da madubi duk inda ya shiga a ofis, amma abin da na'ura ke yi ke nan. Mutum yana sauraron bayani a kan kasafin kuɗi, rabin hankalinsa yana kan ko hularsa ta karkace, ko gumi ya fito masa a goshi, ko mayafi ya zame. Abokan aikin Bailenson sun tambayi mutum fiye da 10,000 a wannan shekara ta 2021, suka tarar mace ɗaya cikin bakwai ta ce takan gaji matuƙa bayan irin wannan taro, alhali a cikin maza ɗaya ne cikin ashirin, kuma ganin fuskar kai yana cikin manyan abubuwan da suka kawo bambancin.

A nan akwai wani abu da binciken Amurka bai taɓo ba, amma duk wanda ya san gidan Bahaushe ko Babole ko Bangizime ko Bakarkare zai gane shi nan take. An gina gida da zaure ne domin baƙo ya tsaya a nan. Kyamara kuwa ba ta san zaure ba. Takan ɗauki baƙi ashirin, waɗansu ma ba a taɓa ganinsu ba, ta ratsa da su har cikin ɗaki. Mai gida yana taro yana fargaba kada matarsa ta gifta ba shiri, kada yaro ya shigo ba riga, kada a ga bangon da damina ta ci. Ma'aikaciya kuwa nauyinta biyu ne, domin tana sauraron taro da kunne ɗaya, ɗayan yana tsakar gida wajen tukunya da yara. Wannan tsaron mutuncin gida da ake yi a ɓoye, minti bayan minti, yana cin ƙarfi ƙwarai, kuma ba a rubuta shi a cikin aikin da aka ɗauki mutum ya yi.

Sa'an nan ga maganar jinkirin murya. Masana harsuna sun auna hira a cikin harsuna goma daga sassa daban-daban na duniya, suka wallafa a 2009 cewa tsakanin wani ya rufe baki da wani ya amsa, abin da ke wucewa bai kai rubu'in daƙiƙa ba. Ɗan Adam ya saba da wannan awo tun yana jariri. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun gwada mutane a fili suka sake gwada su ta Zoom, suka ga ratar ta tashi zuwa kusan rabin daƙiƙa. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2014 ya nuna cewa in jinkiri ya kai daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori, mai sauraro yakan fara ɗaukar abokin maganarsa a matsayin wanda ba ya mai da hankali ko ba shi da fara'a, alhali laifin layi ne. To, in haka abin yake a ƙasashen da layinsu ke da ƙarfi, ina ga wanda ke wata unguwa a Potiskum da sabis mai zuwa yana ɗaukewa? Magana ta tsinke a tsakiya, hoto ya daskare, biyu su fara magana tare, su yi shiru tare, su sake farawa tare. Kowace kalma da ta ɓace sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbinta da zato, kuma wannan ciko yana ƙara wa mutum gajiya.

Har ila yau, hirar Hausa ba ta tafiya sai da 'yan amshi. Mai magana yana yi ana ce masa "to", "na'am", "haka ne", "ƙwarai kuwa", "ranka ya daɗe", da waɗannan yake sanin ana tare da shi. A taro ta bidiyo ana umurtar kowa ya kashe makirufonsa saboda hayaniya, sai mai jawabi ya zama kamar mai magana a cikin rijiya. Ya ɗaga murya fiye da kima, ya maimaita, ya tsaya ya tambaya ko ana jin sa. Masu sauraro kuma, da yake an hana su amsawa da baki, sai su yi ta gyaɗa kai da ƙarfi suna murmushin dole don a san suna nan. Kowa yana aiki biyu.

Na ƙarshe cikin dalilan da masana suka lissafa shi ne rashin motsi. Kyamara tana da ɗan ƙaramin fili, wanda ya fita daga cikinsa ya ɓace, saboda haka sai mutum ya kafe wuri guda kamar an dasa shi. A ofis, tsakanin taro da taro akan tashi, a taka zuwa wani ɗaki, a gaisa da masinja, a sha ruwa. A gida kuwa da an rufe wannan sai a buɗe wancan. Kamfanin Microsoft ya gwada haka a 2021 da mutum 14 waɗanda aka sa musu na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa. Ranar da suka yi taro huɗu na rabin awa a jere ba hutu, alamar damuwa ta yi ta hauhawa daga taro zuwa taro. Ranar da aka ba su minti goma tsakani, ba ta taru ba. A 2023 masu bincike a ƙasar Ostiriya sun auna ƙwaƙwalwa da bugun zuciyar ɗalibai 35, suka tabbatar lacca ta minti 50 ta bidiyo ta fi gajiyar da su fiye da irinta a cikin aji. Ko Eric Yuan, mutumin da ya kafa kamfanin Zoom, ya faɗa a 2021 cewa shi ma yana fama da wannan gajiya, har ya ba da labarin ranar da ya yi taro 19 a jere.

A kan duk waɗannan, ma'aikacin Potiskum yana da nasa ƙarin kaya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ga shi an rufe ƙofa da taga don kada hayaniya ta shigo. Wutar lantarki ba ta da tabbas, sai ya zama ido ɗaya yana kan mai jawabi, ɗaya yana kan cajin da ke raguwa. Da yawa ba su da kwamfuta, da waya suke shiga, suna riƙe da ita a hannu har kafaɗa ta ƙage, suna ƙoƙarin karanta jadawalin lissafi a allon da bai kai tafin hannu ba. Ga kuɗin data, wanda ya ƙaru tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Wanda ke lissafin abin da kowane minti ke ci daga aljihunsa ba zai saurara da natsuwa ba. Masu aiki da ƙungiyoyin ƙasashen waje kuma suna da matsalar agogo, domin ƙarfe goma na safe a Niyok ƙarfe uku ne ko huɗu na yamma a Nijeriya, watau daidai lokacin da jiki ya riga ya yi sanyi kuma la'asar ta gabato.

Abin sha'awa shi ne, a cikin garin nan akwai mutanen da suka daɗe suna aiki daga nesa ba su kuwa kamu da wannan ciwo ba. A je kara ranar kasuwa a ga yadda dillali ke yi da mai saye da ke Legas ko Fatakwal. Yakan kunna kyamara ya nuna bijimi, gaba da baya, tozo da ƙafafu, ya sa a kora shi ya taka a gani, domin gani ya kori ji. Da an gama gani sai ya kashe hoto, ya kara waya a kunne, a shiga ciniki da murya, yana tafe yana magana, yana daga wa wani hannu. Ba ya cewa sai ya ga fuskar mai saye kafin a yi "albarka" da "sallama". Haka masu tireloli suke da direbobinsu da ke kan hanya: magana gajeriya, ina ka kai, me ya faru, sai an jima. Waɗannan mutane sun raba abin da ke bukatar ido da abin da kunne ya isar masa, kuma wannan rabo shi ne ainihin abin da ofisoshi ba su koya ba tukuna.

Saboda haka gyara ya fi rataya a wuyan wanda ke kiran taro, Babban Sakatare ne, ko Darekta, ko shugaban sashe, domin ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin da zai ce ba zai kunna kyamara ba. Kafin shugaba ya kira taro, ya kamata ya tambayi kansa ko takarda za ta isar. Sanarwa, da umurni, da rahoton mako, duk abubuwa ne da aka saba aikawa a rubuce tun zamanin da masinja ke yawo da fayil, kuma rubutu yana da fa'idar da taro ba shi da ita, watau ana iya komawa a sake dubawa. In maganar ta mutum biyu ce ko uku, kiran waya ya wadatar. In kuwa lalle sai an taru, a aika da ajanda da takardun da za a duba tun jiya, a gayyaci waɗanda abin ya shafa kaɗai, a faɗi lokacin tashi kamar yadda aka faɗi lokacin farawa. Taron awa ɗaya a mai da shi minti 50, na rabin awa minti 25, don a sami numfashi kafin na gaba. In zama zai wuce awa ɗaya, a yanka shi biyu a ba da hutun minti goma na gaske, wanda za a ce kowa ya tashi ya bar wurin. A kauce wa lokutan salla da tsakar ranar Juma'a, a kuma tausaya wa jama'a a watan azumi. Wasu ma'aikatu a ƙasashen waje sun ware rana guda a mako da ba a taron bidiyo na cikin gida, kamar yadda bankin Citigroup ya yi da ranar Juma'a a watan Maris na 2021, kuma ba abin da zai hana wani ofis a Damaturu ko Abuja ya zaɓi ranar da ta dace da shi.

Maganar kyamara tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, don a nan ne shugabanni suka fi tirjewa. Tsoronsu shi ne, in aka bari mutane suka kashe hoto, wani zai ajiye waya a kan tabarma ya tafi kasuwa. Tsoron yana da tushe, ana yin haka. Amma wani gwaji da malaman jami'o'in Jojiya da Arizona suka yi a 2021 da ma'aikata 103 har tsawon mako huɗu ya nuna cewa ranakun da aka kunna kyamara mutane sun fi gajiya, musamman mata da sababbin ma'aikata, kuma gajiyar ta rage musu yawan sa baki a cikin taron. Watau abin da aka yi don a tabbatar ana sauraro, shi ne ya rage sauraron. Wanda zai gudu daga taro, tsawonsa da rashin amfaninsa ne suka kore shi. Shugaban da ke kiran mutane da sunansu yana neman ra'ayinsu, yana ba kowa abin da zai kawo, ba ya bukatar ya tsare su da ido. Hanya mai kyau ita ce a kunna hoto minti biyar na farko a gaisa, a tambayi iyali da gajiya kamar yadda aka saba, sa'an nan a kashe, mai jawabi kaɗai ya bar nasa. Wannan yana da riba ta biyu, domin hoto yana cin data kusan ninki goma na abin da murya ke ci, kuma da zarar an kashe shi sai a ji maganar da ke tsinkewa ta daidaita. Akwai dai wuraren da fuska ta zama dole: ganawar farko da baƙo, jarrabawar ɗaukar aiki, zaman shari'a, koyar da aikin hannu, da kuma taron da ke da mai larurar ji wanda ke dogara ga motsin leɓe. A irin waɗannan a kunna, amma a taƙaita.

Shi kuma ma'aikaci akwai abin da ke hannunsa. Da ya tabbatar hotonsa ya fito daidai, sai ya ɓoye shi daga idonsa. Manyan manhajojin taro suna da wurin yin haka, sauran mutane za su ci gaba da ganinsa. Ya zaɓi tsarin da ke nuna mai magana kaɗai maimakon akwatuna ashirin, ya rage girman fuskokin, ya ja da baya kamar tsawon hannu guda. Kada ya riƙe waya a hannu. Ya jingina ta a kan littattafai ko ƙaramin akwati har ta zo daidai da idonsa, don wuya ya huta. Haske ya fito daga gabansa ko gefensa, kada ya ba taga baya. In gidan yana da zaure ko shago, nan ya fi dacewa da taro. In babu, labule guda da aka rataya a bayansa ya isa ya raba aiki da gida, ya kuma sanar da iyali lokacin farawa da na gamawa don kowa ya saki jiki. Ya ajiye takarda da alƙalami yana rubuta abin da ake faɗa, domin rubutu yana ba ido uzurin sauka daga allo ba tare da an ce ya yi rashin ladabi ba. Ya kuma guji amsa saƙonnin WhatsApp ana tsakiyar taro. Hankalin da aka raba biyu ya fi saurin ƙarewa.

Ido yana da haƙƙinsa. Mai kallon allo ba ya ƙifta ido kamar yadda ya saba, shi ya sa ido ke bushewa yana yaji, balle a lokacin hunturu da ƙura ta cika gari. Likitocin ido suna ba da shawara cewa bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 har daƙiƙa 20, ko bishiyar darbejiya ce a ƙofar gida. Kunne ma haka. Masu sa abin sauraro a kunne sukan ƙure murya don su rinjayi ƙarar janareto, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura. Gara a nisantar da janareton. Wannan ma wajibi ne ko ba don ƙara ba, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, alamun da za a iya ɗauka gajiyar taro ce, ta kuwa hallaka iyalai da dama a ƙasar nan. Kada a kunna shi a cikin ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga. A ajiye ruwan sha kusa, musamman da bazara, a kuma yi cajin waya tun kafin lokaci don a cire wannan fargaba daga zuciya.

Idan an yi duk wannan amma ciwon kai ya ƙi tafiya, ko gani ya fara dushewa, ko barci ya ƙaurace, ko mutum ya ga ya daina jin daɗin abin da a da yake so, to, kada a tsaya ana sayen ƙwayoyi a kemis. A je asibiti a auna ido, a auna jini, domin hawan jini da ciwon sukari da bukatar tabarau duk sukan ɓuya a bayan abin da ake kira gajiya. Ma'aikacin da likita ya ba shawarar rage zama gaban allo ya kai takardar ga shugabansa, shi kuma shugaban ya duba wane taro ne za a iya sauya masa da kiran waya ko rahoto a rubuce.